Mai Kile a Farmasinmu

Jama'a, yau saura ƙiris aikin farmasinmu ya rushe!

Da hantsi wani mutum ya shigo da kile USB, wai mizajur ya kawo, wato sabuwar manhaja, a sabunta ordinatarmu, kwamfutar farmasin. Ya ce, "Hajiya, umarnin sojoji ne."

Raina bai kwanta ba. Me ya haɗa sojoji da maganin tari? Na ce, "Malam, zauna tukuna."

Na kwafe komai a diski, na zuba a tsohuwar ordinatar da muka ajiye, na soka kilen a jikinta. Wallahi nan take allo ya yi baƙi, komai ya goge!

Na ce, "Malam, zo ka gani."

Na waiga, ba ya inda ya zauna. Na leƙa waje, sai bayansa na hango bisa kabu-kabu, sun miƙi hanyar gulbi!