Tara Biyu da Ɗawafin Bankwanan Inna

Shekara shida da suka wuce ni saurayi ne mai jin kansa, ina tsaron wani kantin turare a Rusaifa bayan karatun da ya kawo ni Makka ya gagare ni. Kunya ta hana ni komawa gida. A wannan zaman ne wani abokin aiki ya koya mini kartar waya da ake kira poka. Caca ce, na sani sarai, kuma a gari irin wannan, amma nakan lallashi kaina da cewa ai lissafi ne, aikin masu ƙwaƙwalwa.

A shekarar Inna ta zo aikin Hajji, bayan shekara tara rabona da ita. Gwiwoyinta sun gaji. Abu ɗaya ta roƙe ni, wai ranar tafiyarsu in zo in tura ta a keke ta yi ɗawafin bankwana, don ba ta son hannun bare. Motarsu za ta kama hanyar Jidda bayan la'asar. Na yi mata alkawari da azahar ina ƙofar masaukinsu.

Ranar da hantsi na shiga wata gasar poka, irin wadda idan ka tashi rabonka ya narke. Na ɗauka awa guda za a cire ni. Ba a cire ni ba. Ana kiran azahar aka raba mini karta biyu, kowacce mai lamba tara, hannun da ba yabo ba fallasa. Ni ne kusan na ƙarshen magana a teburin, waɗanda suka riga ni duk sun janye, sai na ƙara kuɗi. Mutum ɗaya ya biyo ni. Aka buɗe karta uku: sarki, bakwai da biyu. In yana da sarki ya fi ni, in ba shi da shi na fi shi. A daidai nan matar da suke ɗaki ɗaya da Inna ta kira, ta ce Hajiya ta shirya tana zaune a keken tun ɗazu. Na ce minti goma.

Zuciya ta ce in zuba duk abin da ke gabana, in an cinye ni in tashi in tafi. Amma ni gwani ne, wai. An koya mini cewa matsakaicin hannu ba a kumbura masa tebur da kuɗi, lallaɓa shi ake yi. Na bar zagayen ya wuce ban ƙara ba, ya sa kaɗan na bi shi, aka buɗe, bakwai ce da shi, ba ta kai tara ba. Na ci. Har murmushi na yi, Allah Ya yafe mini. Wannan cin ne ya zaunar da ni awa biyu, kuma daga ƙarshe aka cire ni hannu rabbana. Ko da na ratsa cunkoso na isa, wani ɗan turin haya ya kai ta ya dawo da ita, jakunkuna suna cikin mota. Ta taga ta miƙo hannu ta shafa kaina, ta ce na rame, in riƙa cin abinci. Ba ta tambaye ni inda na tsaya ba.

Tana nan da rai, amma ƙafa ta ƙi, likita ya ce ba ta sake doguwar tafiya. Ina kewarta ƙwarai. Duk ranar da na shiga Harami na ga wani yana tura tsohuwarsa, yana sunkuyawa yana jin abin da take faɗa, sai in tsaya ina bin su da ido har su ɓace mini.

Na goge wasan, amma abin da na koya shi ne caca ba sai ta cinye ka take cutarka ba, ranar da ka ci ma akwai abin da take karɓa. 'Yan uwana masu cewa hannu ɗaya kawai, ku ajiye wayar tun ana jiranku. Bara ƙanwata ta gaya mini cewa har yau in baƙi sun zo gaishe ta, Inna takan ba su labarin yadda ɗanta ya tura ta zagaye bakwai da hannunsa.