Rabin Rim Ɗin da Yaya Nasiru Ya Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nasiru. Na so in ce kamar jiya ne, yadda kowa yake faɗa, amma da na yi ƙarya. Ni dai na san an yi, na san ina wurin, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma daga ranar zuwa yau ban zubar da hawaye ba. Kada wani ya ɗauka jarumta ce. Kukan ne ya ƙi zuwa, na gaji da jiransa na ci gaba da harkokina.

A Jakara gidanmu yake, cikin wani lungu da babur biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya raɓe. Sana'ar Yaya ta ainihi sayar da takalma ce a kasuwar Kurmi. Amma in ka tambayi 'yan unguwa Nasiru mai takalma, sai su tsaya tunani. Ka ce Nasiru mai wankin rim, yanzu za a nuna maka soronmu. Rim shi ne ƙarfen ƙafar babur wanda ake ɗora wa taya. Na alminiyam yake yi, irin wanda yake zuwa daga kamfani da baƙin fenti. Shi kuma ya tuɓe fentin nan tas, ya goge ƙarfen har sai mutum ya ga haƙoransa a ciki. Ba wanda ya koya masa. A nasa babur ɗin ya fara, samari suka gani, shi ke nan soronmu ya zama gareji, mu kuma muka koma tsallake bokiti da taya kafin mu shiga gidan ubanmu.

Na sha zama ina kallonsa, ba don aikin ya burge ni ba, sai don soron ya fi ɗakina iska. Zai wanke rim ɗin da garin sabulu, ya shanya, ya shafa masa maganin cire fenti mai warin da ke sa hawaye. Can sai ka ga fentin ya tattare kamar ɓawon tumatir da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Da tsinken itace yake kankarewa, ba ya yarda wuƙa ta taɓa ƙarfen, lungunan kuma ya bi su da tsohon buroshin haƙori. Daga nan sai samfefa, takardar nan ta gurza ƙarfe, a jiƙe, ya fara da mai kaushi ya yi ta saukowa zuwa mai laushi, kuma duk sanda ya canza takarda sai ya canza inda hannunsa yake fuskanta, don ya ga ko zanen ta baya ya ɓace. Ruwan da ke gangarowa baƙi ƙirin, haka yatsunsa, har ranar Sallah. Ƙarshe ya sa man goge ƙarfe da tsumman tsohuwar singileti. Yakan yi kwanaki a kan ƙafa ɗaya, kuma in ka matsa masa da sauri sai ya ce ka ɗauki kayanka.

Akwai abin da yake gaya wa duk wanda ya kawo aiki kafin ya taɓa. Yakan ce, "Ka sani fa, in na tuɓe masa fenti ka ɗauki raino. Iska kaɗai tana dusar da shi. In ba za ka riƙa gogewa ba, bar shi da baƙinsa." Wasu su yi dariya su ce ya yi kawai. Bayan damina ɗaya sai ka gan su sun dawo da rim duk fararen tabo, suna sosa ƙeya.

Wata ranar Talata ya tashi daga kan aiki da azahar ya ce kansa na sarawa, zai ƙarasa bayan la'asar. Ya jingine rim ɗin da bango, rabi yana ƙyalli, rabi da baƙin fentinsa. Zazzaɓi ne, irin wanda kowa yake yi ya tashi. Shi bai tashi ba. Kafin Talata ta zagayo mun yi sadakar uku.

A wurin jana'iza liman ya yi sanarwar da aka saba, cewa duk wanda yake da wani haƙƙi a kan mamaci ya zo ya faɗa wa iyalinsa. Ba wanda ya zo. Mutane suka yi ta kwasar kayansu na soro a hankali bayan an watse, wanda aka gama da wanda ba a fara ba, amma wannan rabi-da-rabin ya zauna. Mun tabbata ba na Yaya ba ne, don ƙafafun babur ɗinsa biyu suna jikinsa. Shi kuma ba ya rubuta sunan kowa, da ido yake gane kayan mutane. Na zaga gareji-gareji daga Jakara har Shahuci ina tambaya. Na tambayi abokansa ɗaya bayan ɗaya, har da Ɗanlami, amininsa tun suna makarantar allo. Ɗanlami ya kalli ƙasa ya ce bai sani ba.

Inna, mahaifiyarmu, ita ta ɗauke rim ɗin ta shigar ɗakinta ta ajiye bayan gado. Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "na soro". Ko ranar da aka fita da shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba, tana zaune da carbi tana amsa gaisuwa. Abu ɗaya ta faɗa mini, ta ce wannan ƙarfen amanar wani ce a wuyan yaron nan, kuma ba ta ga yadda zai kwanta lafiya ba alhali kayan mutane na hannunsa. Na ce mata Inna, ƙarfe ne fa, a Kurmi ma an fi ƙarfinsa. Ta kalle ni kallon da ya sa ban sake faɗa ba.

Ashe duk gargaɗin nan da yake yi wa samari a soro tana ji daga tsakar gida. Kowace Juma'a da hantsi sai ta fito da rim ɗin, ta zauna a tabarma ta goge rabin da ya gama, don kada mai shi ya zo ya tarar ya dushe ya ce yaron nan ya ɓata masa kaya. Rabin mai fenti ba ta taɓa shi. Ni nake sayo mata man gogewar, in miƙa mata kamar yadda nake miƙa mata gishiri. Ban taɓa zama kusa da ita ba in tana yi. Nakan wuce, in ce sannu da aiki, ta ce yauwa.

Wani lokacin nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya leƙo garin nan yau. Samarin da suke kawo masa aiki yawancinsu sun koma tuƙa adaidaita sahu. Masu kwalliyar babur na yanzu inji suke sawa, kafin ka sha ruwan leda an gama, wasu ma fesa wani fenti mai ƙyalli kawai suke yi a kan tsohon, su ɗauki hoto a waya. Ga babura masu caji da ke wucewa shiru kamar ɓarayi. Ina jin da zai tsaya ya shafa rim ɗin da ɗan yatsa, ya yi tsaki, ya wuce. Ko kuma ya sayi injin shi ma, wa ya sani? Mukan ƙaƙaba wa matattu ra'ayin da ya yi mana daɗi, su kuma ba bakin musu. Abin da na tabbata kawai shi ne da zai yi faɗa in ya ga yadda na mayar da soronsa ma'ajiyar buhunan gawayi.

Bana jikin Inna ya yi rauni. Idonta ya yi hazo, hannunta na rawa, tsumman ma faɗuwa yake. Ɗanlami bai taɓa fasa zuwa gaishe ta ba duk shekarun nan, amma daga bakin ƙofar tsakar gida yake durƙusawa bayan sallar Juma'a, lokacin ta riga ta mayar da rim ɗin bayan gado. Wata Juma'ar ta kasa ɗaga shi ta mayar, ya zo ya tarar da shi a gabanta a kan tabarma. Ina tsaye a wurin. Bayan sun gaisa sai ta ce masa, ba tare da ta san da mai kayan take maganar ba, ita ba mutuwa take tsoro ba, tsoronta ta je ta tarar da yaron nan ba ta sauke masa kayan mutane ba.

Ɗanlami ya dubi rim ɗin. Sannan ya ce, "Inna, nawa ne."

Na ce, "Naka? Ba na tambaye ka ba, Ɗanlami?"

Ya ce, "Ka tambaye ni. To ta yaya zan fita daga gidan makokin Nasiru da ƙafar babur a kafaɗa? Tun a maƙabarta na yafe. Wallahi na ɗauka an daɗe da ba 'yan gwangwan."

Kara ya yi mana. Bayan ya ce bai sani ba kuma, kunya ta hana shi dawowa ya ce ya sani. Babur ɗin ma ya daɗe da sayar da shi da wata ƙafar da ya sa masa. Na so in ji haushi, na nemi haushin a raina ban same shi ba. Kallonsu kawai nake, shi yana share ido da hularsa, ita tana lalubar tsumma.

Inna ba ta karɓi yafiyar ba. Ta ce ta gode, Allah ya yi masa albarka, amma aiki aka kawo, kuma yaron nan ba ya mayar wa mutane aiki rabi. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Kai ka zauna kana kallonsa. Ka ƙarasa."

Na kwashe buhunan gawayi na zauna a inda yake zama. Da na ɗora rim ɗin a cinya sai na ga iyakar da ya tsaya, wani layi a karkace tsakanin ƙyalli da baƙi, har da ɗan zanen samfefarsa ta ƙarshe da bai kai ga shafewa ba. Babu wani abu a gidan nan da ya rage da sawun hannunsa sai wannan layin. Kayan sawarsa an rabar, takalman shago an sayar, matarsa ta yi wani auren tuntuni. Na san in na shafa maganin nan layin ya tafi ke nan. Na ɗan zauna, aka kira la'asar, na je na dawo, na shafa.

Ban iya kamar shi ba, kada ma wani ya tambaya. Na ƙona yatsa da maganin, na yi gaggawar barin samfefa mai kaushi sai da na koma baya. Wani abin kuma, rabin da Inna ta shekara tara tana gogewa ya yi santsin da nawa rabin ya kasa kamowa, ko makaho ya shafa zai gane. Na yi iya yina. Da na kai mata ta bi da'irar da tafin hannu a hankali har ta zagayo, ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Ta ce a kira mai shi.

Ɗanlami ya zo ya karɓa da hannu biyu. Ba shi da babur ɗin da zai sa wa, ni da shi duk mun sani, ba wanda ya faɗa. Na raka shi har bakin lungu, ya ɗora a bayan adaidaitarsa, na dawo.

Masu irin wannan rubutu sukan rufe da lissafin abin da mamaci ya bari. Ni na duba ban ga abu mai yawa ba. Rim ɗin da ya goge wa mutane duk sun dushe, ko an narkar da su an yi tukwane. Sunansa ma yaran lungunmu na yanzu ba su san shi ba. Abin da na ga ya saura shi ne wata tsohuwa da ta ɗauki maganar da ya yi wa samari a soro ta riƙe shekara tara, da abokin da ya gwammace ya rasa kayansa da ya ɗaga mana hankali, da baƙin da ya shiga ƙarƙashin farcena ya ƙi fita. Ko wannan ya isa a ce mutum ya bar wani abu, ban sani ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na shiga tsakar gida Inna na zaune a tabarmar, tsumman na hannunta, babu abin gogewa. Ta ce, "Ya karɓa?" Na ce ya karɓa. Ta ninke tsumman ta ajiye a gefe.

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Nasiru ya gama."

Ban taɓa jin yadda sunan yake a bakinta ba sai ranar. Na tsaya ina jira ko kukan nan zai zo. Bai zo ba, sai na zauna a gefen tabarmar kusa da ita har aka kira magariba.