Hancin Uwani da buhun waken suna

Duk garin Tajaye ba wanda bai san Uwani Mai Hanci ba. Ƙaramar mace ce, ga faɗa ga bakin magana, amma Allah ya ba ta hanci. Tun tana budurwa take gane furar da za ta yi tsami kafin ta yi. Da masu sayar da wake suka fara yayyafa wa buhunansu piya-piya, maganin nan mai kashe ƙwari, sai hancinta ya zama abin dogaron unguwa. Mace ta auno wake a kasuwar Illela, ba za ta ɗora tukunya ba sai ta kawo wa Uwani ta shinshina. In ta ce a dafa, a dafa. In ta yamutsa fuska, a zubar. Shekara ashirin ana haka, ba ta taɓa kuskure ba.

To, da sanyin bara ta yi wata mura mai nauyi. Murar ta tafi, ta tafi mata da hancin. Ko daddawa ta kai hanci, shiru. Ta faɗa wa wani? Ina! Uwani ce fa. Sai ta ci gaba da shinshinawa tana gyaɗa kai, idonta na aikin da hanci ya bari. Duk matar da ta juya da ƙwaryarta, Uwani sai ta wuni tana kasa kunne ko za ta ji kuka daga gidan.

Ana nan, ɗiyarta Nasiba ta zo gida haihuwar fari. Ana gobe suna, mijin Nasiba, Yahuza, direban motar siminti a Malbaza, ya sauke buhun wake a ƙofar gida. Waken bara ne, fari tas. Mata suka taru aka kwance bakin buhu, Yahuza na tsaye daga zaure. Uwani ta cusa fuska, ba ta ji komai ba. Yaya za ta kushe kayan suruki yana ji? Ta ce, "Lahiya lau."

Da hantsin ranar suna an ɗora babbar tukunyar shinkafa da wake, sai ga Husna, ɗiyar ƙanen Uwani, wadda ke karatun noma a jami'a. Ta zo da wani ɗan akwati mai bututu da take zagayawa da shi rumbunan mutane, malamanta suna gwada shi. Mata suka yi mata caa da tambaya.

Husna ta ce, "Ƙwaro ba shi da hanci irin namu. Da ƴan ƙahonnin nan biyu na kansa yake jin wari, kuma yana ji daga nesa. Abin da ke cikin ƙahon mai kama warin, shi aka kwaikwaya aka sa a nan. In ya ji, sai fitila ta kama."

Wata maƙwabciya ta tafa hannu. "Yau ake yin ta! A gwada hancin ƙwaro da na Uwani!"

Aka kwashe da dariya. Ban da Uwani. In fitilar ta kama, asirinta ya tonu gaban dangin suruki. Sai kuma ta dubi yaran unguwa, sun fi ashirin, zaune gindin bango kowa da kwanonsa, ta ji gara ma ta kama ɗin, a huta.

Husna ta cusa bututun a ragowar buhun. Aka jira. Fitila ba ta kama ba. Mata suka rangaɗa guɗa, wai ko na'ura ta bi bayan Uwani. Uwani kuwa ta ja Husna gefe.

"Ke, wanga abu naki ya ce babu guba?"

"A'a, Gwaggo. Warin ƙwari masu rai kaɗai aka koya masa. Cewa ya yi babu ƙwaro mai rai ko ɗaya a buhun." Ta yi murmushi. "Guba kam, ai sai hancinki."

Uwani ta dubi buhun. Waken bara, ya yi damina a buhu, a ce ko ƙwaro ɗaya bai rayu a ciki ba? Ta koma ta zura hannu har gindin buhun, ta fito da shi cike da matattun ƙwari, baƙi ƙirin. Wataƙila maganin ya daɗe da fita. Wataƙila shekaranjiya aka zuba. Da can numfashi ɗaya ya ishe ta ta sani.

Ta waiwaya. Mai girki ta buɗe tukunya, ta ɗebo ludayin farko, wata ƴar yarinya ta miƙa kwano.

Uwani ba ta san sa'ad da ta isa murhun ba. Ta sa ƙafa da hannu ta kifar da tukunyar nan, abinci ya malale a ƙasa, tururi ya tashi. Gida ya ɗauki salati.

"Uwani, kin haukace?"

"Ban ji ba," in ji Uwani, tana riƙe da hannunta da ya ƙone. "Jiya ban ji ba. Wata tara ke nan ban jin warin komi. Duk wadda ta kawo min wake tun sanyi, ƙarya na yi mata. Ku gafarce ni."

Maƙwabciyar da ta ce a gwada ta jawo ɗanta jikinta, tana kallon Uwani kamar yau ta fara ganinta. Yahuza ya ja buhunsa waje ba tare da ya ɗaga kai ba. Ran nan dai, da fura aka sallami baƙi.

Da la'asar Uwani ta shiga ɗakin mai jego. Nasiba ta miƙo mata jinjirin. Uwani ta karɓe shi da hannun da bai ƙone ba, ta kai hanci tsakiyar kansa kamar yadda ta yi wa kowane jariri a unguwar, ta ja numfashi, ta sake ja.

"Nasiba," ta ce, "gaya mini, ƙamshin mi yake yi?"