Yarinyar da ke cikin idona

Jiya likitan ido a nan Garwa ya sake ce min yanar idona ta nuna, sai aiki. Na ce a'a, karo na uku ke nan.

Ya ajiye tocilansa. "Hajiya, me kike tsoro?"

Sai na gaya masa. 'Yata Hadiza, Allah ya jiƙanta, lokacin da take karatun nas a Yola, ta taɓa riƙe fuskata ta ce baƙin nan na tsakiyar ido, da Turanci pupil ake kiransa. Wai daga Latin aka samo shi, ma'anarsa 'yar ƙaramar yarinya, Girkawa ma haka suke ce masa, domin duk wanda ya leƙa idonka kansa yake gani ɗan mitsitsi. Ta matso ta ce, "Ga ni nan a ciki, Inna."

Na ce, "Likita, ba na so wuƙarka ta taɓa wurin."

Ya ce, "Yanar tana bayansa ne, Hajiya. Ita kaɗai zan cire."

Na amince, ranar Talata za a yi. Ina so in sake ganin hotonta sarai.

Ku sa ni a addu'a. Ku fa, wace maganar wanda kuka rasa ce har yau ba ta bar ku ba?