Maƙwabcinmu Mai Kishin Turawa

Shekarun da nake koyarwa a lakwal ɗin firamare a Dogon Dutsi, gidan haya ɗaya muke da wani ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai. Kowa Mushe yake ce masa, wato "malam" da Faransanci, shi ma ya fi son hakan. Ko zafi ya kai ina sai ya ɗaura karabat a wuya irin na Turawa, kuma bai iya faɗin magana uku ba tare da ya cusa Faransanci ba. Matarsa 'yar Dumega ce, mace mai fara'a, tana sayar da ƙanƙara da zoborodo daga firjinta.

Mushe yana da wani fim na Ingila a kwamfutarsa, an juya shi da Faransanci. Ranar Lahadi bayan la'asar yakan tara mu a tsakar gida, ni da mijina da duk wanda tsautsayi ya shigo da shi. Labarin wani attajiri ne da ya gane matarsa tana bin abokinsa. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya gayyaci abokin cin abinci, yana murmushi, ya zuba masa guba a kofi. Sauran fim ɗin ruwan sama ne da wani ɗan sanda mai doguwar riga yana yawo yana tambayoyi.

Ni ban ga abin burgewa ba: mutane uku a ƙaton gida, ba yara, ba dangi, ba aikin yi sai zargin juna. Amma Mushe yakan tsayar da fim ɗin daidai wurin murmushin, ya juyo ya dube mu.

"Kun ga wayayyun mutane," in ji shi. "Ba hargowa, ba zuwa wurin mai unguwa. Namiji da kansa yake yanke hukunci."

Mijina ya taɓa ce masa, "To ai ƙarshe kama shi aka yi." Mushe ya ce wannan ba shi ne darasin ba.

Lokacin bazara firjin matar ya fara lalacewa. Mai gyaransa wani dattijo ne Kirista da ke zaune kusa da mishan, mai jikoki, mai yawan surutu. Yakan zo da safe, ya kwance, ya ɗaura, yana ba matar labarin ciwon gwiwarsa tana dariya. Dariyar nan ce ta shiga kunnen Mushe wata rana da ya dawo ɗaukar makulli.

Daga nan ya canza. Ya daina daka wa matarsa tsawa kamar yadda ya saba, ya koma yi mata magana a hankali yana murmushi, abin da ya fi tsawar muni. Ya tare ni a ƙofa.

"Madam, in ba na nan, me suke cewa?"

Na ce, "Zancen gwiwa, Mushe. In kana so ka zauna ka ji, ba ya ƙarewa."

Ya gyaɗa kai kamar na ba shi babbar hujja.

Sai ga shi ya gayyaci dattijon abincin rana, bayan an taso daga coci. Ya sa matar ta soya zabo, ya shimfiɗa zane a tebur, ya jera cokula masu yatsu, ya kira mu mu zama shaida, ko da yake bai ce hakan ba. Ya zauna yana kallon baƙon ba ƙiftawa.

"Baba," ya ce, "akwai mutanen da ke shiga gidan da ba nasu ba."

Dattijon yana tsotsar ƙashi ya ce, "Gaskiya ta, ɗana. Wanga zamani ɓarayi sun yi yawa. Ka sa a canza maka kwaɗo."

Duk habaicin da ya jefa haka ya faɗi ƙasa. Baƙon ya ci ya ƙoshi, ya yaba wa mai girki, ya shanye kofin zoborodon da Mushe ya miƙa masa da hannunsa, ya yi addu'a, ya hau kekensa.

Ba guba ba ce, Mushe ba shi da wannan zuciyar. Filasko ya dafa mai kauri, maganin wankin ciki, ya zuba a kofin. Amma dattijon tsoho ne, ga zafi. Kafin magariba 'ya'yansa sun kai shi likita, ana ƙara masa ruwa.

Da labari ya iso, murmushin Mushe ya ɓace. Na gan shi da idona ya fita ta ƙofar baya da silifas, ko karabat babu. Daga baya muka ji motar kasuwa ya shiga, tsakanin buhunan wake, ya ɓuya wurin wani abokinsa a Dogon Kiriya.

Matar ce ta ga tukunyar filaskon a bayan ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta yafa gyale, ta ɗauki tukunyar, ta kai har gadon likita, ta faɗa wa iyalin abin da aka ba ubansu.

'Ya'yan sun so zuwa kwamisariya wurin 'yan sanda, dattijon ya hana. A ƙarshe, da Mushe ya dawo, gaban mai unguwar da yake rainawa aka zaunar da shi, ga liman, ga wani babba daga coci. Mijina ya je. Ya ce Mushe ya durƙusa yana share hanci, kuma Hausa zalla ya yi daga farko har ƙarshe. Dattijon ya yafe, ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yarinyar da aka zarge shi da ita tsarar autarsa ce.

Matar ba ta jira sulhu ba. Yayyenta suka zo suka kwashe mata kaya zuwa Dumega. Mushe ya aika manya biko, ta ce ba za ta zauna da mutumin da zai iya sa ta girka abinci don ya cuci baƙo ba.

Bayan damina aka yi masa canjin wurin aiki. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofarmu yana gaya wa mijina cewa mutanen garin nan ba su taɓa fahimtarsa ba. Mijina, mai haƙuri, ya kama masa jaka zuwa tasha. Ni ina ciki ina tsince shinkafa, daga nan na ce masa Allah ya kiyaye hanya.