Ƙarfen Ƙuguna da Kujerar da Na Ƙi

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ni mahauci ne mai ji da ƙarfinsa. Kullum da safe ina mayankar Etoudi, in saɓa cinyar sa a kafaɗa, in ɗaura a moto, wato babur, in kawo unguwarmu Briqueterie in gasa soya, wato tsire. Taksi ce ta kaɗe ni a hanyar Nkomkana, ƙuguna ya farfashe, aka sa mini ƙarfe da roba a madadin gaɓar. Dokta ya ce ban da kaya mai nauyi, ban da tsuguno, salla a kan kujera, kuma duk shekara in zo radiyo, wato hoton ƙashi.

Ban bi ko ɗaya ba. Kujerar ce ta fi ƙona mini rai. Ranar farko da na hau ta a masallaci, abokan sana'a suka yi ta tsokana, wai Baba ya shiga sahun tsofaffi, saura sanda. Washegari na ajiye ta, na koma ɗaukar nama.

Bayan shekara shida ciwo ya taso, can cikin ƙashi. Wani abokina tela, ya ɗan fi ni boko, ya ce ya gani a waya cewa jikin mutum yana da wasu kafofi masu karɓar sinadarin wiwi, banga a bakin mutanen garin nan, wai suna kwantar da kumburi. Ni da ko sigari ban taɓa sha ba. Na fara busawa a bayan rumfa, hayaƙin soya yana rufa mini asiri. Ciwon ya lafa, na ƙara yawan naman da nake ɗauka. Matata ta yi ta cewa tafiyata ta canza, in koma asibiti. Na ce ta ji da tukunyarta.

Ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukata, da nama a kafaɗa na zube. Dokta ya nuna mini radiyon, ya ce ƙarfen yana goga robar, tana zubar da gari, jiki ya yi ta faɗa da garin, kumburin ya cinye ƙashin har ƙarfen ya yi lakwab-lakwab. Na kawo zancen tela. Ya ce gaskiya ne masana suna binciken waɗannan kafofi, amma bincike ne tukuna, ba wanda ya ce a sha hayaƙi. Ciwon nan gargaɗi ne, ni kuma na toshe masa baki. Ƙashin da ya rage da wuya ya riƙe sabon ƙarfe.

Yau wata tara ina ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Ina jin ƙamshin soya daga rumfata, wani ke gasawa. Telan sau biyu ya leƙo, masu tsokanar ko sau ɗaya ba su zo ba.

Duk mai ƙarfe a jiki, ya je radiyonsa ko ba ya jin komai. In ciwo ya zo, a kai wa dokta, ba tela ba, kar kuma dariyar mutane ta hana ka bin doka. Ni yanzu a kwance nake salla. Kujerar tana nan a bakin ƙofa, roƙona Allah ya ba ni ikon hawanta.