Gaisuwar Da Ta Cinye Mini Aiki

Wata Lahadi bayan mun dawo daga coci, 'yata ta kira ƙawayenta biyu ɗakinmu da ke unguwar Tompkinsville a nan Amurka su kalli fim ɗin barkwanci. Ina kicin ina yanka alayyahu, dariyarsu ta ishe ni, na leƙo. Labarin wani Bature ne da aka tura Indiya ya koya wa masu amsa wayar kamfani yadda za su yi magana da Amurkawa. Na tarar da wani saurayi a ciki yana tambayar kwastoma lafiyar iyalinsa, Baturen kuwa ya dafe kai kamar an yi masa mutuwa. Yaran nan har da faɗuwa daga kujera.

Raina ya ɓaci. Na kashe talabijin ɗin.

Ai ni na yi wannan aikin a Legas kafin mu zo nan. Aka laƙaba mini sunan Turawa, aka ce in lanƙwasa harshena, duk na haƙura. Rannan wata tsohuwa ta bugo daga Amurka tana son a rufe layin mijinta, ya rasu. To ni da aka haifa a Jos, in ji mutuwa in wuce? Na yi mata ta'aziyya. Na tambaye ta ya haƙuri, wa ke kwana da ita, ta ci abinci kuwa. Matar ta fashe da kuka, ta ce tun da aka binne shi ba wanda ya tambaye ta ko ta ci wani abu. Washegari shugabanmu ya kunna muryata a gaban kowa don a ga irin abin da ba a so. Aka yi dariya, irin wannan dariyar dai. Kafin ƙarshen wata aka sallame ni.

Duk na zayyana wa yaran, wuƙar alayyahu na hannuna. Ƙawayen suka sunkuyar da kai. Ba su nake kallo ba, tawa nake kallo, don na daɗe da lura idan na tsaya gaida direban bas sai ta yi gaba kamar ba tare muke ba. So nake in ji ta ce an zalunce ni.

Ta amsa da Turanci, kamar kullum. Wai, "Mama, amma ai ba aikinki ba ne."

Ba aikina ba! Yarinyar da ranar da ubanta ya rasu matan unguwar Port Richmond suka cika ɗakin nan, wata 'yar Kumasi da ba mu haɗa komai ba ta riƙa ba ta tuwo a baki. Aikinsu ne?

Na tambaye ta haka, a gaban ƙawayen nata. Na ajiye mata rimot ɗin a cinya, na koma kicin. Na jira in ji an kunna, har miyar ta nuna ban ji ba.